Tuta Ta Uku

Shafi na 23

Masu turo min saƙo ta bayan fage suna cewa wai me ya hana Uwar Biyu ta kunna muryar mijinta ta ɗauka da wata waya kowa ya huta, Allah Ya ba ku haƙuri. Da tana iya shiga ai da labarin ya ƙare tun a shafi na biyu. An kulle hasumiyar da muryar take ciki. Ku riƙe wannan a ranku, mu je.

Shagon wanki da guga ne, ɗan tsukuku, a matse tsakanin kemis da wani mai sayar da taya. Uwar Biyu sai da ta wuce shi ta dawo kafin ta gane, don allon ya koɗe, rabin rubutun ya bi ruwan sama.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mutumin da ke ciki. Gajere ne mai sanƙo, da singileti da tawul a wuya, yana fesa ruwa a kan kwalar wata farar riga. Wannan wai shi ne Sarkin Ƙofa. Shi ne wanda mutane ke rawar jiki idan ya yi rubutu a Daular Tsibiri, wasan wayar nan da kowa ke ɗaukar suna da matsayi ya zauna a kai kamar gaske. Ita ta zata ƙato za ta gani mai gemu har ƙirji.

Kuma ta san fuskar. Ya zo asibiti a makon da Baban Biyu ya faɗi, ya zauna a bakin gado, ya ajiye ledar lemu ya tafi.

"Sannu da aiki, Malam."

Ya ɗago. Ta ga ya gane ta, ta kuma ga bai so hakan ba. Ya amsa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi yara, ya jawo mata wata kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya. Duk gaisuwar da ake yi ya yi ta, har da wadda ba a yi, don dai kada a iso kan maganar.

"Kaya kika kawo?"

"Tuta na zo nema."

Ya mayar da kansa kan rigar. "Nan shagon guga ne, Uwar Biyu."

"Na sani."

"In kin sani, kin san abin da kika yi yanzu ya isa a kore ki daga wasan, ni ma a haɗa da ni. Ba a shigo da duniya cikin Daula, ba a fito da Daula cikin duniya. Wa ya nuna miki nan?"

Ba ta faɗa ba. Sarauniyar Masunta ce, wata baiwar Allah da ba ta taɓa gani da ido ba, ta turo mata kwatance da safe ta goge nan da nan.

A wasan, Baban Biyu shi ne Mai Fitila, mai tsaron hasumiyar bakin teku. Kullum in ya dawo daga aikin gyaran wuta sai ya shige ɗaki ya tura ƙofa, ya kama abin da suke kira kiran jirage. Magana ce da baki, yana yi yana turawa, wani lokaci labari, wani lokaci har ɗan waƙe-waƙe da muryarsa mai kauri. Ita kuwa tana bakin ƙofa tana mita, abinci na hucewa kai kana can kana kiran jirgin ƙarya. Sai ga shi hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki, ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da bakinsa gaba ɗaya. Lokacin 'yan biyu ko zama ba su fara ba. Yanzu suna gudu a tsakar gida, suna hawa cikinsa suna cewa Baba, shi kuma sai dai ya bi su da ido.

Wayarsa ta ɓace ranar da ya faɗi. A tata wayar babu muryarsa ko ta sannu, don shi mutum ne mai kira, ba ya tura saƙon baki. Duk abin da ya rage na muryar Baban Biyu a duniya yana cikin hasumiyar nan. Dokar wasan kuma ta ce gidan da mai shi ya yi shiru a fara kulle shi, in shekara ta zagayo a ƙone shi da duk abin da ke ciki. Jibi shekarar ke cika.

Sarki ne kaɗai ke iya buɗe gidan da aka kulle. Ƙorafi kuma ba ya kaiwa gaban Sarki sai masu matsayi uku sun ɗora masa tutarsu, suna cewa mun tsaya wa wannan. Kowa tuta ɗaya gare shi, in Sarki ya ƙi ƙorafin a ƙone ta, mai ita ya koma talaka. Shi ya sa kowa ke rowar tasa kamar ɗiyar fari. Uwar Biyu ta samu biyu da ƙyar da jiɓin goshi, ta Sarauniyar Masunta da ta wani mai matsayin Boka. Ta ukun dole ta fito daga hannun Sarkin Ƙofa.

Ta ciro wayar daga jaka ta miƙa masa. Bai karɓa ba, ta karanta masa da kanta.

"Ni baƙuwa ce, ba ni da gida ba ni da jirgi. Ina roƙon Sarki ya buɗe min hasumiya in ji kiran Mai Fitila kafin a ƙone ta."

"Na gani," ya ce.

"Na farkon kai ka goge shi."

"Ni na goge. Kin rubuta asibiti."

"Na biyun fa?"

"Kin rubuta mijina."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan tun ranar da ta shiga wasan. Duk kalmar da take gaskiya haramun ce a can. Ba ta isa ta ce miji ba, ba ta isa ta ce yara ba, ba ta isa ta ce ciwo ba. Sai dai ta yi ta zagaye-zagaye kamar mai neman aron tsintsiya a gidan da ba a shiri.

Ana cikin haka wani mai tumbi ya faɗo shagon ko sallama babu, yana neman kot ɗinsa, wai yana da taro. Aka ciro masa, ya juya shi, ya ce maɓalli ɗaya ya saki. Sarkin Ƙofa ya rusuna yana yi haƙuri ranka ya daɗe, ya ɗauko allura ya ɗinke a tsaye, mutumin na ta duba agogo yana tsaki. Uwar Biyu tana zaune tana kallo. Da wata rana ce da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Yana fita ta zame daga kujerar ta sa gwiwa a ƙasa, a kan sumuntin da ruwan wanki ya jiƙa.

"Subhanallahi. Tashi don Allah, ke fa matar abokina ce."

"Ba zan tashi ba."

"Mutane na wucewa."

"Su wuce. Malam, ba dukiya na ce a ba ni ba. Ba cewa na yi a fasa ƙone gidan ba ma. A buɗe min na yini ɗaya in ɗauka, in kunna wa yaran nan su ji ubansu ya taɓa magana. Shi ke nan."

Ya ce ba zai iya ba. Ta sake roƙo, ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da iyayensa. Ya sake cewa ba zai iya ba, yana ta ninke tawul ɗin wuyansa yana warwarewa. Nan ne haƙurin Uwar Biyu ya ƙare, dama ba shi da yawa. Ta miƙe, zaninta ya jiƙe a gwiwa.

"Sarauniyar Masunta ba ta san shi ba, ta ba ni tutarta. Boka ko sunansa ban sani ba, ya ba ni tasa. Kai da ka zauna a bakin gadonsa ka ga yadda bakinsa ya karkace, kai ne za ka hana ni? Tsoron me kake? A ƙone maka tuta? Tutar da ko ƙyalle ba ce, hoto ne a waya?"

Ya ci gaba da ninke tawul ɗin.

"Yanzu na ga mai tumbi ya taka ka kana ba shi haƙuri. Ashe ni ce kaɗai kake wa sarauta."

Maganar ta same shi, ta gani a fuskarsa. Ya zare wayar dutsen guga daga bango. Ya je ya jawo ƙofar ƙarfen shagon zuwa rabi, ya dawo ya zauna a kan wani ɗaurin zannuwan gado. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"A shekarar nan, ƙorafi nawa kika ji an ce ya kai gaban Sarki?"

"Ina ruwana da na wasu."

"Ko ɗaya. Duk wanda ya zo da tuta biyu a wurina yake maƙalewa. Sun kira ni azzalumi, sun ce cin hanci nake jira, akwai wanda ya zagi uwata. Na shanye. Kin san me ya sa?"

Ta girgiza kai.

"Doka ta ce in tuta ta uku ta hau, dole Sarki ya amsa kafin rana ta faɗi, a gaban kowa. Ni ne ƙofa. In na buɗe, kowa zai ga babu mutum a ɗakin."

"Ban gane ba."

"Babu Sarki, Uwar Biyu. Yana gidanki a kwance."

Ta ji maganar sarai, amma kanta ya ƙi ɗauka. Ta nemi kujerar robar da hannu ta zauna. Fankar sama na ta juyi tana kaɗa rigunan da ke rataye.

Ya yi mata bayani yana kallon ƙasa. Su biyu suka kafa wasan, a shagon nan, Baban Biyu na zaune a kan kujerar da take kai yanzu. Shi ya riƙe sarautar a ɓoye, ba wanda ya sani, sannan ya ɗauki aikin fitila, mafi ƙanƙanta a Daula, wai don ya riƙa jin abin da talakawa ke faɗa a kan Sarki. Lambar sirrin sarautar a kansa kawai take. Ƙona gidajen kuma ba mutum ke yi ba, Baban Biyu ne ya saita abin ya riƙa yin kansa, tun wata shekara da aka zarge shi da son kai. Ya ce daga ranar ko gidansa ne ba zai samu alfarma ba. Suka yi dariya a lokacin.

"Na yi ƙoƙari," in ji Sarkin Ƙofa. "Na rubuta haruffa da lambobi a kwali na kai masa asibiti, ko zai nuna min da ido. Ya kalla, ya kalla, sai hawaye. Hajiyarsa ta kore ni."

Ta tuna. Surukarta ta taɓa ba ta labarin wani mara hankali da ya zo da kwali yana wahalar da marar lafiya. Sarkin Ƙofa ya ce ya rubuta wa masu manhajar har ya gaji, inji ne ke amsawa, kullum godiya yake masa.

Uwar Biyu ta kalli wayar da ke cinyarta. Watanni ta yi tana bautar mutanen nan. Ta yi wa Boka dakon gishirin ƙarya daga tsibiri zuwa tsibiri, ta yi wa Sarauniyar Masunta gadin kwale-kwale tana goye da ɗaya tana shayar da ɗaya, ta koyi cewa ran Sarki ya daɗe kamar 'yar fada. Duk don kukanta ya kai kunnen mutumin da take ba koko a cokali kowace safiya tana goge masa baki. Ta rasa wanda za ta ji haushi, shi da ke kwance ko ita da ta yi ta buga masa ƙofa.

"Ka san ni ce?"

"Tun ƙorafinki na farko."

"Ka bar ni ina ta wahala."

"Na ce in kin gaji za ki bari." Ya share fuska da tawul. "Akwai mai gadi a wasan nan da ba shi da kowa a garin da yake. Akwai wata da ta shekara biyar ba ta sauka daga gado ba, a can take da jirgi take yawo. Ni nake rubuta musu cewa Sarki ya tafi yaƙi a tsakiyar teku. Ranar da suka gane babu shi, wasan ya mutu. Shi ne abin da ya bar min in riƙe."

"Ni kuma me ya bar min?"

Ya sake rataya tawul ɗin a wuyansa.

A waje mai taya yana buga ƙarfe, wata mata na ciniki a kemis. Uwar Biyu ta yi ta neman wata hanya a ranta, duk inda ta juya sai ta tarar da bango. Ba mai laifin da za ta kai ƙara, ba mai ikon da za ta durƙusa wa. Jibi abin zai ƙone kansa da kansa, ko tana kuka ko tana dariya. Lokacin maganinsa na rana ma ya kusa, kuma Hajiya ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai.

Ta ɗauki jakarta. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Sa tutar."

"Ba ta da amfani, na gaya miki."

"Na ji. Sa ta."

"In na sa, kafin magariba kowa ya sani."

"Jibi za a ƙone muryar mutumin da ya yi musu wasan, ba su ma san shi ba ne. Su sani. Ni dai a ce ƙorafina ya kai wurin mijina, ko da ba zai buɗe ba."

Ya miƙa hannu saman kantar shagon inda wayarsa ke caji, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi. Ya ce Allah Ya yafe masa, bai faɗi wanda yake nufi ba, ya danna.

Wayarta ta yi ƙara. A ƙarƙashin ƙorafin tuta ta uku ta fito, baƙa mai hoton mabuɗi.

Nan da nan dandalin wasan ya rikice. Saƙonni suka yi ta zuba, wasu na murna, wasu na tambayar wace ce baƙuwar nan da ta tausasa dutse, wani ya ce lallai yau akwai kallo, Sarki zai dawo daga yaƙi. Sarauniyar Masunta ta turo mata addu'a. Uwar Biyu ta karanta, ta ji kunya ta kama ta, don ta san yau matar za ta kwana babu tuta babu Sarki, kuma ita ta jawo mata.

Sarkin Ƙofa ya ajiye wayar a kan teburin guga ya haɗa kai da gwiwa. Ta yi masa sai an jima. Ta sunkuya za ta fita ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen.

Sai wayoyin biyu suka yi ƙara tare. Ba irin ta ɗazu ba ce. Ƙararrawa ce mai nauyi, a hankali.

Ya ɗago kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Mene ne wannan?" ta ce.

Ya nuna mata wayarta da yatsa. Ta duba da kanta. A saman dandalin an rubuta da jan rubutu: Sarki ya zauna.

"Kai ne?"

Ya ɗaga mata hannuwansa biyu. Babu komai a ciki. Wayarsa tana can kan tebur.

"Ka ce shi kaɗai ya san lambar."

"Shi kaɗai."

"Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa?"

Nan take ta kira gida. Hajiya ta ɗauka, ana jin 'yan biyu na rigima a bayanta. Ta ce ga shi nan a gabanta yana barci tun ɗazu, lafiya dai? Uwar Biyu ta ce lafiya, tana hanya. Ta kashe.

Dandalin ya yi tsit, duk masu surutun nan sun ɗauke wuta. Sai rubutun ya fito, layi bayan layi.

"Baƙuwa, mun ga tutocinki. Kafin mu duba roƙonki, ki faɗa wa Daula a gaban kowa. Mece ce ke a wurin Mai Fitila?"

Yatsanta ya tafi da kansa. Sarkin Ƙofa ya yi wuf ya tare gilashin wayar da hangar rataye kaya da ke kusa da shi.

"Kada ki rubuta matarsa. Kina rubutawa doka ta kore ki, ƙorafin ya ƙone nan take."

"To in ce ban san shi ba?"

"In kika ce haka zai ce ba ki da haƙƙin shiga gidansa."

"To me zan ce, Malam?"

Ya janye hangar a hankali. Ya kalli wayar, ya kalle ta, ya girgiza kai.

Wani layin ya ƙaru a ƙasa.

"Muna jira. Kuma ki yi hattara, mun san amsar."